Ga 'yar uwar da 'yan tsakinta suka mutu

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Na ga kin ce kin zuba 'yan tsaki 100, kusan rabi sun mutu kafin sati uku, kina tunanin ko ki haƙura da kiwon ko ki ci bashi ki sake zubawa. Allah ya mayar miki da mafi alheri.

Ni ma zubina na farko haka ya yi min. Watan Afrilu ne, tsakiyar zafin Kano, ɗakin kuma rufin kwano, iska ba ta shiga. Da azahar sai in tarar da kajin sun hangame baki suna haki, fikafikai a sake, kafin magariba na kwashe mushe biyar ko shida a buhu. Ga shi ban ba su rigakafin Gumboro ba, wata cuta mai kashe 'yan tsaki, don wanda na saya a hannunsa ya ce wai an riga an yi musu. Kuɗin adashina ne na shekara guda. Wallahi na sha kuka.

Bashin nan kada ki ci shi. Wanda ya yi asara zuciyarsa ce ke ingiza shi ya ninka don ya fanshe, ni maigida ne ya taka min birki, har na yi fushi da shi a lokacin. Abin da za ki fara yi, in wata ta sake mutuwa ki kai wa likitan dabbobi tun ba ta ɗau lokaci ba, ya farke ta ya gani. In ba ki san abin da ya kashe su ba, sabon zubin ma shi zai kwashe. Sauran kajin da ke ɗakin in sun fita, ki kwashe ɓuntun, ki wanke ɗakin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ki bar shi ya huta sati biyu. Sannan ki sake zuba 'yan tsaki 30. Haka na yi, na rubuta ranakun rigakafin Gumboro da Lasota (rigakafin cutar kaji ta Newcastle) a jikin bango da gawayi.

Sauran da suka rayu kuma, da sun kai sati bakwai ki sayar. Broila, wato kazar nama, in ta wuce haka ribarki take cinyewa, balle yadda buhun abinci ya yi tashin gwauron zabo tun cire tallafin mai a 2023. Kuma ban da "zan kawo miki in an yi albashi", ko daga bakin dangi ne. Har yau akwai kuɗin kajina uku a waje.

Ki faɗa min irin rufin ɗakinki da ranar da kika ba su rigakafin farko, sai mu ga ta inda matsalar ta shigo.