'Yata ta haddace waƙar ABCD amma ba ta gane harafi ko ɗaya

Tambaya

Assalamu alaikum Malama. 'Yata shekararta huɗu, tana nazare da safe, da yamma kuma tana zuwa Islamiyya. Waƙar ABCD kam ta iya ta har ƙarshe, amma in na nuna mata harafi guda na ce wannan fa, sai ta yi shiru ko ta faɗi duk wanda ya zo bakinta. Kullum ana ba ta aikin gida ta cika shafi da rubutu, kuma da kuka muke gamawa. Na ji an ce akwai wasannin hannu da ake koya wa yara haruffa da su. Wane iri zan yi mata, ga shi ba ni da kuɗin sayen kayan wasa na kanti? Sunanta da M ya fara, ko hakan zai yi amfani.

Wata uwa daga Gusau

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, abin da kika bayyana bai nuna yarinyar tana da wata matsala ba. Waƙa ta haddace, kuma haddar waƙa daban, sanin harafi daban. Kafin a ce yaro ya san harafi sai ya haɗa abu uku: siffarsa da yake gani, sautinsa da yake ji, da tafiyar da hannu yake yi wajen fitar da shi. Waƙar ba ta ba shi ko ɗaya a cikin ukun, sunaye kawai take jera masa.

Sunayen ma na Turanci ne, kuma a nan 'ya'yanmu suke rikicewa. Harafin da aka ce mata sunansa "e", a cikin kalmar "mama" sautinsa "a" ne. Wanda aka kira mata "i" shi ne na ƙarshen "mage". Wanda aka kira "si" shi ne farkon "cokali". Don haka a gida ki bar sunan harafi tukuna, ki kama sautinsa, kuma da Hausar da take ji tun tana goye. Rubutun Hausa yana da wannan sauƙi: kusan kowane harafi sauti guda yake ɗauka, yadda aka rubuta haka ake faɗa. Yaron da ya gane dabarar haɗa sauti a harshensa, da ita zai shiga Turanci.

Kin taimaka da kika faɗi farkon sunanta. Da m za ki fara, ba da a, b, c ba. Yaro yana ɗaukar harafin sunansa tamkar kayansa, ga shi kuma m sauti ne da ake iya ja: ki rufe leɓe ki ce "mmm", ta sa yatsa a leɓenta ta ji yana rawa. Kada ki ce "ma" ko "mu", sautin zalla za ki fitar.

Ranar farko ba alli ba fensir. Ki ɗauki faifai ko tire ku zagaya gida tare, kuna neman abin da sunansa ya fara da mmm. Za ku tarar gidan cike yake da su: muciya, madubi, moɗa, masara, mangwaro, manja, maɓalli, murfi. In mage ta gifta ita ma a lissafa da ita. Daga nan ki cusa abu ɗaya ko biyu da ba nasu ba, kamar ludayi ko takalmi, ki ce ta fitar da baƙon da ya shigo cikinsu. Ki ja sautin farkon da kyau, "mmmuciya", "llludayi". Wannan wasan ne iyaye suka fi tsallakewa don ba a ganin rubutu a cikinsa, alhali shi ne tushe. Yaron da kunnensa bai rarrabe farkon kalma ba, harafi a wurinsa zane ne kawai. In ta ɗauki kwana uku ko huɗu a nan, ba a yi asara ba.

Sai siffa. Ki sami kwalin taliya ko na sabulu, ki yanke shi kamar faɗin tafin hannunki biyu. Ki zana ƙaramin baƙi m da gawayi, ki yi shi ƙato ɓaro-ɓaro, ki bi zanen da gam, ko ƙaro da aka jiƙa, ko ɗan kokon sitaci. Ita za ta barbaɗa yashi a kai, ta kakkaɓe, a shanya. In ya bushe ya zama harafi mai kaushi. Ta riƙa bin sa da ɗan'ali da na tsakiya tana cewa mmm: a sauko, a koma sama a yi tudu, a sake yin tudu. Ki sa ɗigo a inda ake farawa don kullum ta fara daga wuri guda. Wannan dabara ta Mariya Montessori ce, likita 'yar Italiya da ta buɗe makarantar ƙananan yara a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907. Ita da takarda mai kaushi irin wadda kafintoci ke goge katako da ita ta yanka nata haruffan, yara suna shafawa suna faɗin sautin. Yashin tsakar gida yana yin aikin nan daidai.

Bayan ta shafa sau da yawa, ki zuba rairayi a tire, ki ajiye kwalin a gefe, ki ce ta yi nata da yatsa. In ya karkace, a girgiza tiren ya goge, ba jan biro ba faɗa. Ina fifita wannan a kan littafin bin ɗigo-ɗigo da ake sayarwa, kuma da dalili. A 2012 wata mai bincike a Jami'ar Indiyana ta Amurka, Karin James, da abokiyar aikinta sun gwada yara 'yan shekara biyar da ba su fara karatu ba. Yaran sun koyi haruffa ta hanya uku: rubutawa da hannunsu, bin zanen da aka riga aka yi, da dannawa a kwamfuta. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna kallon haruffan, sassan da ke aikin karatu sun fi motsawa ga haruffan da yaran suka rubuta da kansu. Wato wannan karkataccen m ɗin da take yi, yau mai ƙiba gobe siriri, shi ne yake koya wa idonta gane m a kowace kama ya zo.

Laka ma haka. Yaranmu dama sun iya gina 'yan tukwane da shanu, sai ki ce yau m za a gina. Ta murza laka ta yi tsawo kamar igiya, ta yanke guda ta miƙe, ta lanƙwasa biyu. Ranar da kike cincin ki gutsura mata kwaɓin ta yi harafinta, ki soya mata, ta cinye shi tana mmm. Ana kuma jera murafen kwalba, tsakuwa ko ƙwallon dabino a kan m da aka zana a ƙasa. Wata rana ki zana shi ƙato a tsakar gida ta taka shi da ƙafa daga farko zuwa ƙarshe, ko ki ba ta tsumma da ruwa ta rubuta a jikin bango. Murza laka da tsintar tsakuwa su ne suke ƙarfafa yatsun da za su riƙe fensir nan gaba. Hannun ɗan shekara huɗu bai gama ƙwari ba, shi ya sa cika shafi yake sa ta kuka. Gajiya ce ta gaske, ba ƙiwa ba.

Hattara da wake, masara da gero wajen ado: yara suna cusa su a hanci da kunne, ƙanenta mai rarrafe kuma zai iya haɗiyewa. In za a yi da su, ki zauna a wurin har a gama, ki kwashe.

Abin da nake yawan gani kuma yake damuna shi ne a mayar da aikin na uwa ko na malama. A yanka, a manna, a ƙawata, a ɗauki hoto, yarinya tana gefe tana kallo. Kwalin ya yi kyau, ita kuwa ba ta koyi komai ba. Ma'aunina guda ne: yatsunta sun bi siffar harafin, kuma bakinta ya faɗi sautin a lokacin? In ba a yi haka ba, ado aka yi. Minti goma a rana ya isa, ki tsaya tun tana marmarin a ci gaba.

Kada kuma ki zauna a kan m har wata guda. Da zarar ta fara tsinto shi a jikin kwalin madara ko allon shago, ki kawo wasalin a ta hanyar nan dai. Sai ki ajiye kwalayen biyu nesa da juna, ki riƙa matso da su tana jan sautin: mmm, a, ma. Ki yi wani ma ɗin, ga "mama" ta fito. Ranar nan za ki ga fuskarta. Ki ƙara n da k, sai ga nama, kaka, kama, nan. Da m, a da n kaɗai za ta karanta "Mama na nan." Babban baƙi M ki nuna mata shi a farkon sunanta, sauran manyan su jira, don ƙananan baƙaƙe ne suka cika littafi.

Zancen Islamiyya, ba ya hana wannan, yana ma taimakawa. Malaman allo sun daɗe da sanin cewa yaro da siffa yake kama harafi, shi ya sa suka raɗa wa baƙaƙen Larabci sunaye irin su "ba guje" da "ta kuri", kuma sai an gama babbaƙu ake shiga farfaru. Abin lura ɗaya ne: can daga dama ake farawa, nan daga hagu. In kin ga ta fara boko daga dama, ki sa tsakuwa a gefen hagu na tiren ki ce daga nan motar take tashi. Haka juya harafi, musamman b da d. Duk rayuwarta ta san kofi kofi ne, ko mariƙinsa na dama ko na hagu. Haruffa ne abu na farko da juya shi yake canja sunansa. Wannan yakan bi yara har wajen shekara bakwai. Kada dai ki koyar da b da d a mako guda.

Haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ da ƙ, makarantar da ke koyarwa da Turanci ba za ta koya mata su ba, sai ke. In lokacinsu ya yi, ku gina k da karan dawa, ku manna masa lanƙwasar laka a ka, ku ware kaza da kifi gefe guda, ƙwai da ƙosai gefe guda.

Aikin gidan kuwa, ki je ki sami malamarta cikin mutunci, ki nuna mata kwalin da tiren, ki roƙa a rage shafin ya koma layi ɗaya ko biyu. In an yi wata biyu ko uku ana wasan faifai ba ta jin bambancin farkon "muciya" da "ludayi", ko tana yawan cewa "na'am?" in an yi magana, ko kunnenta ya taɓa zubar da ruwa, ko tana kai kwalin dab da idonta kafin ta gani, ki kai ta asibiti a duba kunne da ido kafin a ƙara mata wani darasi.