Dokar kafafen sada zumunta toshe baki ce?

Malam, ka tambaya ko sa wa su Facebook linzami zai hana mutane faɗin albarkacin bakinsu. Ya danganta da wanda aka ba wuƙa da nama. A 2017 Jamus ta yi doka: a goge saƙon da ya saɓa doka ƙarara cikin awa 24, in ba haka ba tara har Yuro miliyan 50. Illarta, kamfani mai gudun tara yana iya share har da halastacciyar suka. Ni abin da ya fi damuna shi ne gwamnati ta rufe dandali ba tare da alƙali ya saurari kowa ba. Haka Najeriya ta dakatar da Twitter a 2021, wata bakwai cur, daga baya Kotun ECOWAS ta ce matakin haramtacce ne.