Wane irin tumatir za ki gwada a bayan gida?

Hajiya, kin ce wanda kika shuka da damina ya ruɓe, kina neman sabon iri. Ki gwada UC82B: gajere ne, 'ya'yansa na da tauri, suna jure ajiya. Sai dai sanyin hunturu yake so, zafin Afrilu kan zubar masa da fure. Irin Roma VF kuma yana jure wasu cututtukan da ke sa shuka ta yanƙwane daga saiwa.

Don Allah kada ki cika filin da sabon iri lokaci ɗaya. Gindi biyar ya isa, a gefen tsohon naki, ki ga wanda ƙasarki ta karɓa. In kuma kin ga an rubuta F1 a jikin ledar irin, wato irin da aka samu ta haɗa iri biyu, kada ki ajiye ƙwayarsa don baɗi, ba zai fito kamar uwarsa ba.