Amsa ga ƙanenmu mai shirin buɗe shagon buga takardu a Mabera

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya albarka a shagon. Na karanta tambayarka: ka sayi kwamfutoci uku na hannu, za ka riƙa buga takardu da furojet na ɗalibai da katin biki da bana (ƙyallen talla), ka ji kuɗin manhajojin Microsoft Office da CorelDRAW da Photoshop ya fi ƙarfin jarinka, mai gyara kuma ya ce ka bari ya zuba maka na kirak, wato waɗanda aka fasa makullinsu don a yi aiki da su ba biya, ka huta. Kana son sanin ko akwai na kyauta da za su yi aikin. Akwai su. Da wagga sana'a nake ci da iyalina shekara da shekaru a cikin garin nan na Sakkwato, kuma galibin aikin da ke fita daga shagona da na kyautar ake yin sa. Sai dai akwai wuraren da za su ba ka wahala, gara ka san su tun yanzu.

Tsadar da ka ji, musamman ta Photoshop, ba ta kuɗin sau ɗaya ba ce. Tun 2013 kamfanin Adobe ya daina sayar da sababbin fitowar Photoshop a mallaka, ya koma karɓar kuɗi wata-wata ko shekara-shekara. Haya ce kamar ta shago, ran da ka kasa biya a rufe maka ƙofa. Kuma da farashin dala ake lissafinta. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Kai kuwa kuɗin shafi ɗaya da kake karɓa a hannun ɗalibi bai ninka haka ba.

Batun kirak, ina roƙonka ka bar shi. Ka lura da abin da mai zubawar ke fara yi: sai ya kashe manhajar tsaron kwamfutar tukuna, don idan tana kunne ba za ta bari ya wuce ba. Ka buɗe ƙofa ke nan ga abin da ba ka san wanda ya haɗa shi ba. Wani maƙwabcina a sana'a ya wayi gari duk fayilolinsa sun ƙi buɗewa, kowanne an liƙa masa wasu baƙin haruffa a ƙarshen suna, ga wata 'yar takarda a kowace jaka ana neman ya biya dala kafin a sake su. A ciki har da babi huɗu na aikin wata ɗaliba da ba ta da kwafi ko'ina. Kukan da yarinyar nan ta yi a bakin shagon har yau yana damuna. Ga kuma batun haƙƙi. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kiyaye. Mutum yana neman halal da gumin goshinsa, me zai kai shi gina neman a kan abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba, alhali ga wanda masu shi suka ce a ɗauka?

Domin haka abin yake. Waɗannan buɗaɗɗun manhajoji ba irin na gwaji ba ne da ke kullewa bayan wata guda. Tafiyar ta faro ne a 1983 a Amurka a hannun Richard Stallman, kuma lasisinsu ya ba ka izinin ka yi aiki da su har na kasuwanci, ka kwafa wa wanda ka so, wanda ya iya kuma ya duba cikinsu ya gyara. Ka zuba a kwamfuta uku ko talatin, ba mai bin ka bashi.

Wanda za ka fi rayuwa da shi kullum shi ne LibreOffice. Ya fito a 2010, wata gidauniya mai rajista a Jamus ke kula da shi. Writer a madadin Word, Calc a madadin Excel, Impress a madadin PowerPoint. Kada wani ya ce maka kayan wasa ne: jihar Schleswig-Holstein a Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 kansa. Wasiƙa, takardar neman aiki, jarabawar makarantun Islamiyya, jadawalin sakamako, rasit, duk yana yi ba tare da wata tangarɗa ba, kuma da dannawa ɗaya yake fitar da PDF.

Ga inda mutane ke cewa ba ya da kyau, alhali ba laifinsa ba ne. Ɗalibi zai kawo furojet da aka buga a Word, ka buɗe ka ga shafi 60 ya zama 63, kanun babi ya sauko tsakiyar takarda. Mafi yawan lokaci matsalar fon ce, wato salon haruffan rubutu. An buga da Calibri ko Cambria, kwamfutar ba ta da su, sai ta ɗauki wani mai faɗi daban. Akwai na kyauta da aka yi su daidai awonsu: Carlito yana zama gurbin Calibri, Caladea gurbin Cambria, Liberation Serif gurbin Times New Roman. Ka tabbata suna kan kowace kwamfuta. Sannan ka shiga saitin ajiya ka mayar da shi ya riƙa ajiyewa a docx da xlsx, wato tsarin Word da Excel, kai tsaye, don kada yaron shago ya ba kwastoma fayil ɗin da zai je gida ya rasa kansa.

Ni ƙa'idar da nake bi guda ce: kafin na taɓa aiki nakan tambayi kaina hannun wa zai faɗa bayan ya bar nan. Idan ƙarshensa takarda ce ko PDF, na kyauta ya ishe ka har ya yi saura. Idan kuwa fayil ne da zai riƙa kai-komo tsakanin ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da malamin da ke duba shi, da gyare-gyare a gefe, da lambar shafi iri biyu, da jadawali masu sarƙaƙiya, to nan a yi hattara. Word yana da na intanet wanda ake amfani da shi kyauta in ka buɗe asusu, ka duba aikin a can kafin ka miƙa. In shago ya kafu, ka sayi lasisin Office na gaske, irin na biya sau ɗaya, ka sa a kwamfuta guda. Ba abin kunya ba ne, kuma ɗaya ta isa.

Corel shi ne mai wuyar rabuwa, ba zan ɓoye maka ba. Ba don Inkscape, na kyautar da ke madadinsa, ya gaza a zane ba. Tambari, katin gayyata, sitikar biki, kalanda, duk ina yin su da shi. Matsalar ita ce kusan duk maɗaba'ar da za ka je a garin nan, abin da za su fara tambaya shi ne fayil ɗin Corel. Inkscape yana buɗe shi, ko da yake wani lokaci inuwa da wasu ado kan goce, amma ba ya ajiyewa a tsarinsa. Abin yi shi ne in ka gama, ka mayar da duk rubutun ya zama zane don kada fon ya canja a wurinsu, ka fitar da PDF. Masu injin bana ba ruwansu, hoto mai kyau ko PDF ya wadatar da su. Inda za ka kula shi ne aikin da za a fitar wa farantin bugu a maɗaba'a, mai launi huɗu. Inkscape da launin allo yake aiki, sai ka ga shuɗi mai haske ya fito a dushe, kore ya yi duhu. Wani na kyautar mai suna Scribus aka yi domin wannan, shi ke shirya PDF na maɗaba'a da launukan tawada. Shawarata, kafin ka karɓi babban aiki, ka zana ɗan gwaji da launukan da ka fi amfani da su, ka kai wa mai injin da za ka riƙa hulɗa da shi, ku zauna ku gani tare. Kada ran farko ta zama ranar da mai biki ke tsaye a kanka gobe ɗaurin aure.

Photoshop kuwa, don aikin shago irin naka, GIMP ya wadatar: fasfo, canja bango zuwa fari ko ja, gyaran tsohon hoto. A watan Maris na 2025 suka fitar da na 3.0. Hannun da ya saba da Photoshop zai yi 'yan makonni yana laluben maɓallai, daga nan ya wuce.

Akwai kuma wani abu da ba a cika ambata ba, kuma a Sakkwato kasuwa ce babba. Malamai za su kawo maka littafi mai haɗe da Larabci da Hausa, wani da waƙoƙi cikin ajami. A nan na kyautar sun yi mana gata. Keyman, manhajar madannan rubutu, yana ba ka ƙ da ɗ da ɓ ba tare da ka shiga neman alama ɗaya-ɗaya ba, fon ɗin Charis SIL da Andika kuma suna fitar da su tsaf. Na Larabci akwai Amiri. Na ajami akwai Harmattan, wanda aka yi domin rubutun Afirka ta Yamma irin na Warshu, da Alkalami mai kama da rubutun hannu na ƙasar Hausa. Sai dai ka kunna wa LibreOffice rubutun dama zuwa hagu a saitin harshe. Na taɓa buga wa wani dattijo baiti biyu da Alkalami don ya gani, ya ɗaga takardar kusa da idonsa, ya bi layin da yatsa, ya ce a buga littafin duka da shi. Ta hanyarsa malamai da yawa suka san shagona.

Ɗaliban da za su tambaye ka SPSS, manhajar nazarin alƙaluman bincike, ka nuna musu jamovi ko PSPP, dukansu suna buɗe fayilolinsa. Zotero na tsara manazarta, QGIS na masu taswira. Na bidiyon biki akwai Kdenlive da Shotcut, na gyaran sautin karatu da wa'azi akwai Audacity.

Duk waɗannan suna aiki a kan Windows, ba sai ka canja komai ba. Amma ka sani Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma yawancin tsofaffin kwamfutocin hannu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ni abin da na yi, na sa Linux Mint, wanda ke madadin Windows kuma kyauta ne, a kwamfuta ɗaya, ita kaɗai ke karɓar filashin kwastoma. Wannan bairos ɗin da ke ɓoye jakunkuna ya bar maka gajerun hanyoyi na bogi ba ya tasiri a kanta. Kana sa filashin za ka ga fayilolin mutum a fili, ka kwashe masa, ka goge dattin. Sauran biyun ka bar su yadda suke har yaranka su saba. Kada ka juye komai rana ɗaya, ka fara da LibreOffice kaɗai, in hannu ya faɗa sai ka ƙara na gaba.

Wurin saukewa, shafin masu manhajar kawai, ban da waɗanda ke tara su a haɗa da tarkace. LibreOffice bai kai rabin giga ba, ka sauke sau ɗaya da datar dare ka raba wa ukun. In data ta yi maka nauyi, ina da su duka a filashi har da fon ɗin, ka yi mini magana ta akwatin saƙo mu haɗu bayan la'asar. Sannan ka rubuto sunan firintarka da lambarta a nan ƙasa, don ba kowace ce ke tafiya da Linux lami lafiya ba, sai mun duba kafin ka taɓa kwamfutar.