Tanadi don gobe rashin bangaskiya ne?

Tambaya: Baba Fasto, ni gwauruwa ce a Billiri, 'ya'yana uku. Ina zubin adashi saboda kuɗin makaranta, da kaka kuma nakan ajiye masara da wake. Wani mai wa'azi a addu'ar dare ya karanta Matiyu 6:34, inda Yesu ya ce kada mu damu da gobe, ya ce mai ajiya bai dogara ga Allah ba, mu kawo abin da muka tara mu "shuka iri", wato mu ba da shi don Allah ya ninka mana. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Zunubi nake yi?

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, ba ki yi zunubi ba. Abin da Yesu ya hana a ayar nan damuwa ce mai cin rai, ba tanadi ba. Bisa shawarar Yusufu aka riƙa tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gonar Masar har shekara bakwai (Farawa 41), kuma da hatsin nan gidan mahaifinsa ya tsira daga yunwa.

Gargaɗin da ya shafi shirin gobe yana cikin Wasiƙar Yakubu 4:13-15. 'Yan kasuwar da suka ce za su je gari kaza su shekara su ci riba, ba a hana su tafiya ba. An tuna musu ne cewa ransu kamar hazo yake, su ce in Ubangiji ya yarda. Kalmar nan tana bakin kowa a ƙasarmu; ki faɗe ta har zuci duk ranar zubi.

Amma wannan zancen iri ya ishe ni. Kusan kowane mako sai wani ya zo mini da hawaye: ya sayar da akuya, ko ya kwashe jarin shago, ya kai wa wanda ya yi masa alkawarin ninki ɗari. Agusta ta zo, hatsi ya yi tsada, a koma makaranta yara suna gida don ba a biya ba, mai alkawarin kuma ya tafi wani gari. Daga nan sai a ce wa talaka bangaskiyarsa ce ta gaza! Wa ya taɓa sayen albarka? Siman mai sihiri ya gwada miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa (Ayyukan Manzanni 8). Bulus kuma ya ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni (1 Timoti 5:8). Ayar nan ba sa karanta ta a addu'ar dare.

Baikonki ki kai ikilisiyarku da farin ciki, gwargwadon ƙarfinki. Maƙwabciya in ta rasa, ki buɗe buhu ki auna mata. Adashin kuwa kada ki taɓa shi sai ranar komawa makaranta.