Gwajin DNA zai nuna mini ko karena Alseshan ne na asali?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Birnin Kebbi, ina da gidan kaji a hanyar Kalgo. Ɓarayi sun dame ni, sai na sayi ɗan kwikwiyo da kuɗi masu tsoka wurin wani mai kiwon karnuka, ya rantse mini Alseshan ne tsantsa. Yanzu watansa biyar, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, abokai na cewa barbarar yanyawa aka haɗa ni da shi. Ɗana ya gani a intanet ana gwada yawun kare a gano asalinsa da cututtukansa. Gaskiya ne? Kuma gwajin zai yi aiki a kan tsohuwar karyar farautar da muka kawo daga Zuru?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da kunnen, don shi ya tayar maka da hankali. Ɗan Alseshan mai wata biyar yana cikin famfarar haƙora, kuma a wannan lokacin kunne yakan miƙe yau gobe ya faɗi. Da yawa ba sa tsayawa sosai sai wata shida ko bakwai. Kunnen nan bai isa shaida ba tukuna, kada ka je ka yi wa mai karnuka tsiya a kansa.

Gwajin kuwa gaskiya ne. Tun shekarar 2005 masana a Amurka suka karanta ƙwayoyin halittar kare, wato DNA, a jikin wata karya mai suna Tasha.  Kamfanoni irin su Embark da Wisdom Panel suna aiko ɗan tsinke mai auduga, ka goga a cikin kumatun kare na ɗan lokacin da suka faɗa, ka rufe ka mayar musu, bayan 'yan makonni sakamako ya shigo wayarka. Sai an bar kare aƙalla rabin awa bai ci komai ba, kuma bai sha ruwa a kwano ɗaya da wani kare ba, in ba haka ba yawunsu ya gauraya. Cikakken gwaji na asali da lafiya yakan haura dala 100, ban da kuɗin aikawa zuwa da dawowa. Ka lissafa wannan da Naira.

Abin da masu talla ba sa tsayawa su bayyana shi ne yadda ake fitar da amsar. Babu wani wuri a jikin kare da aka rubuta “Alseshan”. Kamfani yana da rumbun samfurin karnukan da aka san zuriyarsu, sai kwamfuta ta gwada naka da nasu ta ce wannan yanki ya yi kama da na wane, wancan da na wane. In irin karenka yana da yawa a rumbun, amsa za ta fito da kyau. Alseshan na cikin waɗannan, domin tun 1899 aka kafa masa ƙungiya da littafin zuriya a Jamus. Saboda haka in uwar kwikwiyonka ta haɗu da karen unguwa, gwajin zai tona.

Karyarku ta Zuru labarinta daban ne, kuma nan ne nake son ka saurare ni da kyau. Yawancin nau'o'in karnukan Turai da ake ji da su an ware su ne cikin shekara 200 da suka wuce, ta hanyar rufe zuriya, ɗan uwa ya barbari 'yar uwa har kama ta zauna. Namu na ƙauye ba daga cikinsu suka fito ba. A 2009 wani masani, Adam Boyko, da abokan aikinsa sun gwada karnukan ƙauye sama da 300 a Masar, Uganda da Namibiya, suka tarar yawancinsu zuriya ce ta asalin Afirka mai zaman kanta, ba gaurayen karnukan Turawa ba. Embark takan rubuta irin wannan a matsayin karen ƙauye. Kamfanin da rumbunsa bai da samfurinsu kuwa sai ya yi ta kame-kame, ya ce kashi kaza wannan, kashi kaza wancan, alhali kakannin karyar ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. In siririya ce mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, kada ka yi mamaki in an danganta ta da Azawak, karen farautar Buzaye na Nijar, Mali da Burkina Faso, wanda Amurkawa suka yi wa cikakkiyar rajista sai a 2019. Ni ina jin takaici in na ga mutum ya raina irin wannan karya, mai jure zafin Afrilu da kaska da yunwa, ya kwashi dukiya ya sayo mai gashi kamar bargo da zai riƙa haki a inuwa.

Ta fuskar lafiya, akwai abu ɗaya da nake ɗauka da muhimmanci ƙwarai a wurinmu: tawayar gado da ake kira MDR1, wadda aka gano a Jami'ar Jihar Washinton a 2001. Karen da ke ɗauke da ita, wasu magunguna sukan tsallaka su shiga ƙwaƙwalwarsa, cikinsu har da ibamektin, wanda kowa ya sani da Ivomec. Ta fi yawa a karnukan Koli, wani nau'in karen kiwon tumaki na Turai, kusan bakwai cikin goma, a Alseshan kuma kamar ɗaya cikin goma. Mu nan ga Ivomec a kowane shagon maganin dabbobi, wanda aka yi wa sa da tunkiya shi ake zuƙowa a danna wa kare don ƙazuwa. An taɓa kawo mini wani kare da aka yi wa haka da safe, kafin la'asar yana tangaɗi kamar mashayi, yawu na dalala, baƙin idonsa ya buɗe bai ganin hannuna a gabansa. Kwana uku muna ƙarin ruwa kafin ya ɗaga kai. Ko kare bai da wannan tawaya, awon shanu zai iya kayar da shi, don haka kada a yi wa naka sai likita ya ɗora shi a sikeli.

Sauran sakamakon a karanta da hankali. Alseshan na da wata cutar laka mai shanye ƙafafun baya in ya tsufa, gwaji yakan nuna ƙwayarta, amma karnuka da yawa na ɗauke da ita su mutu da tsufa ba ta taɓa su ba. Ciwon ƙugu da ya fi damunsu kuwa sai hoton ƙashi ke nuna shi.

Gadi ma ba a karanta shi a yawu. Wani bincike na 2022 da ya tattara bayanin karnuka sama da 18,000 ya nuna nau'in kare kashi 9 cikin ɗari kacal yake bayyanawa na bambancin halayensu. In horo bai samu ba, Alseshan tsantsa zai kaɗa wa ɓarawo wutsiya, ko ya koma kan kajin naka.

In kiwo za ka shiga ka riƙa sayar da 'ya'ya, yi gwajin, kuɗin zai dawo. In gadin kaji ne kawai, koma wurin wanda ya sayar maka ka ce ya nuna maka uwar da uban da katin allurarsu. Sannan ka duba katin naka: allurar haukan kare ana yin ta daga wata uku, a maimaita duk shekara, ga ta fabo mai sa kwikwiyo amai da gudawar jini, ga maganin tsutsa da na kaska. Babu ɗayansu da gwajin DNA ke gani. Kai su duka biyun asibitin dabbobi nan Birnin Kebbi a wannan makon, har da tsohuwar, kunnen kuma ka sake dubawa in ya cika wata bakwai.