Tambaya da Amsa: Na'urar ajiyarmu ta ƙi shiga domen ɗin ofis

Tambaya: Assalamu alaikum. Kamfaninmu ya sayi na'urar ajiyar fayil ta Synology, muna so ma'aikata su riƙa buɗe ta da suna da kalmar sirrin da suke shiga kwamfutocin ofis da su. Muna da sabar Windows mai Active Directory, wato tsarin da ke riƙe da asusun ma'aikata da kwamfutocin ofis a rukuni ɗaya da ake kira domen. In na gwada haɗa su sai ta ce ba ta ga domen ba. Da ta taɓa shiga kuma, ana ɗauke wuta kowa ya kasa buɗe folda. Ina matsalar take? Daga mai kula da kwamfutocin wani kamfani a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na'urarka lafiyarta ƙalau. Abu biyu za ka fara dubawa: DNS (tsarin da ke mayar da suna zuwa adireshin IP) da agogo.

Galibi akan bar na'urar tana karɓar DNS daga rauta, ko a sa mata 8.8.8.8 na Google. Waɗannan ba su san domen ɗinku ba. Na'urar tana gano sabar da ke kula da domen ne ta bayanan SRV, masu nuna inda take, waɗanda ke cikin DNS ɗin sabarku. Don haka ka ba ta adireshin IP tsayayye, ka sa adireshin sabar a matsayin DNS na farko. Kada ka sa na waje a na biyu. Ranar da ta koma kansa, domen zai sake ɓace mata.

Batun ɗauke wuta kuwa, agogo muke zargi. Kerberos, tsarin da ke tantance masu shiga, ba ya yarda idan bambancin lokaci tsakanin na'ura da saba ya wuce minti 5. In ɗan batirin da ke riƙe agogo ya mutu, wuta na dawowa lokaci ya rikice. Ka saita NTP ɗin na'urar, wato abin da ke daidaita mata agogo, ya riƙa ɗaukar lokaci daga sabar kanta, ka zaɓi shiyyar UTC+1, ka sa mata UPS. Ka kuma riƙa kunna saba tukuna, domin in na'urar ta riga ta tashi, ba za ta sami wanda za ta tambaya ba.

Sauran aikin ba wuya. A DSM 7, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar Synology, ka shiga Control Panel, sai Domain/LDAP, ka rubuta cikakken sunan domen, ka ba da asusun da ke da ikon shigar da kwamfuta. Sunan na'urar kada ya wuce harafi 15, kada kuma ya zo ɗaya da na wata kwamfutar. In akwai katangar tsaro (firewall) tsakanin na'urar da saba, a buɗe ƙofofi (ports) masu lamba 53, 88, 123, 389, 445, 464 da 3268. A kashe SMB1, tsohuwar hanyar raba fayil, ta nan mugun shirin kwamfuta mai suna WannaCry ya yi ɓarna a 2017.

Inda aka fi shan wahala shi ne rabon izini. Kada ka bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Ka ƙirƙiri rukuni a Active Directory, misali na masu karanta foldar sashen kuɗi da na masu rubutu a cikinta, ka ba rukunin izini. Ma'aikaci ya bar aiki, ka rufe asusunsa a wuri guda, shi ke nan. Ka yi kaffa-kaffa da maɓallin hanawa, domin yana rinjayar kowane izini: mutum na cikin rukuni biyu, ɗaya an hana shi, to ba zai shiga ba.

Wanda ka sa a rukuni yanzu ba zai ga canji nan take ba, saboda tikitin shaidar da Kerberos ya ba shi lokacin da ya shiga tsoho ne. Ya fita daga Windows ya sake shiga. A riƙa buɗe foldar da sunan na'urar, domin adireshin IP kan mayar da tantancewa daga Kerberos zuwa NTLM, tsohuwar hanyar tantancewa. In Windows ta nace da tambayar kalmar sirri, ka leƙa Credential Manager ka goge tsohuwar da ta adana. Ka kuma bar asusun mai cikakken iko (admin) guda a kan na'urar kanta, mai kalmar sirri mai ƙarfi, wanda za ka shiga da shi ranar da saba ta faɗi.